Ɗora Mu Gani

A Gadarif na buɗe ido,
inda baƙar ƙasa ke ƙwace takalmi idan damina ta sauka,
riɗi kuwa ya shigo kasuwa a bayan manyan motoci,
fari fat kamar haƙorin jariri.

Babanmu Sidiƙu mai awo ne.
Shekara talatin yana tsaye gaban sikeli.
Tun daga takun ɗan dako yake gane nauyin buhu,
amma bai taɓa riga allura magana ba.
Abin da zai ce kawai: "Ɗora mu gani."

A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo,
Birema, mai gyaran tarakta.
Ka yi masa sallama sau uku,
ko ɗaga kai ba zai yi ba.
Ni da Tijjani muka zauna gindin darbejiya
muka yanke masa hukunci:
girman kai ne,
don ya ji Hausa a bakinmu.
Muka raɗa masa suna Gunki.

Da dare, muna cin tuwon dawa da miyar kuɓewa,
Tijjani ya tashi ya kwaikwayi tafiyarsa,
na yi dariya har na ƙware.
Baba bai tsawata ba.
Ya suɗe yatsa, ya ce,
"Kun ɗora shi?"
Muka ce, "A ina?"
Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Da safe ya miƙo mana kwalbar man riɗi.
"Ku kai masa.
Kada ku yi sallama daga baya,
ku zagaya ta gabansa."

Muka zagaya.
Mutumin ya ɗago,
fuskarsa ta washe kamar gari bayan ruwa.
Ya kafa wa leɓunanmu ido
yana tsintar maganarmu ƙwaya-ƙwaya.
Ya taɓa kunnensa, ya nuna injin:
rurin shekara ashirin ya cinye su.
Ya ba mu dabino huɗu
da wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai maiƙo.
Har muka iso gida Tijjani bai ce uffan ba.

Na ɗauka nan karatun ya ƙare.

Sai bayan na girma,
Baba yana kwance, ƙafafu sun kumbura,
ya ce in turo ƙofa.

"Akwai wani yaro, Tasfaye.
Daga tsallaken iyaka ya zo kakar riɗi.
Kowane mako mudu biyu na ɓata a rumfata.
Na dubi tsummansa,
na dubi yunwarsa,
na ce shi ne.
A gaban mutane na faɗa.
Bai rantse ba, bai yi kuka ba.
Ya naɗe bargonsa ya tafi,
ko ladan aikinsa bai tsaya karɓa ba.
Ƙarshen kaka muka kwashe buhuna,
sai ga ramin gafiya ƙarƙashin katako,
cike taf da riɗina."

Ya daɗe yana kallon rufi.

"Sau biyar na je Gallabat.
Masu shayi, direbobi, 'yan dako,
babu wanda ya san inda ya yi."

Ya zaro wani ƙulli daga ƙarƙashin matashi,
takardun kuɗi da aka daina karɓa tuntuni,
sun yi laushi kamar ganyen da ya sha ruwa.
"Nasa ne," in ji shi.
"Duk awon da na yi a duniya,
wannan kaɗai na yi da ido."

Yau ƙullin yana ƙasan akwatina.
Ko ashana ba zai saya ba,
amma duk ƙaurar da na yi,
shi ne kayan da ya fi yi mini nauyi.

Jiya Suwaiba ta dawo daga makaranta,
ta jefar da jaka,
ta ce sabuwar malamarsu muguwa ce,
a fuskarta ma an rubuta.

Na ajiye ludayi.
Muryar da ta fito ba tawa ba ce:
"Kin ɗora ta?"

Ta ce, "A ina?"

Na rage wuta,
na tashi na jawo akwatin.