Awarar Gwaggo Yahanasu

A Aujara, in ka wuce rijiyar makera,
akwai zauren da hayaƙi ya rina wa azara.
Nan Gwaggo Yahanasu ke girka kaskonta
in la'asar ta yi sakaliya.

Ta ce waken nan a bayan babur ya zo,
malamin gona ne ya goyo shi
cikin buhu mai rubutun da ba mai iya karantawa.
Aka yini ana iza masa wuta, ya ƙi nuna.
Aka ce tsakuwa ce ta ari sunan wake.
Kakana ya zuba wa tumaki kasonsa,
su ma sai da suka yi shawara.

Matar malamin asibiti ce ta koya musu:
a jiƙa, a markaɗa, a tace, a ɗora,
a barbaɗa wani farin gari na kwalba
sai madara ta kama jikinta.
Ran da aka yi wa mijin canjin aiki
kwalbar ta bi su a mota.

Gwaggo ta tsaya a kan tukunya,
madara na tafasa, ba abin haɗi.
Idonta ya faɗa kan ruwan tsamin kamu
da ya kwana uku a bayan ɗaki.
Ta ce in ta ɓaci, ta ɓaci,
ta tuttula.
Ya dunƙule kamar gajimaren Agusta.

Daga nan ba ta sake tambayar kowa ba.
Attaruhu, albasa, ɗan gishiri,
ta ƙulle a buhu, ta danne da dutsen niƙan uwarta,
ta yanka, ta saki a man gyaɗa,
ta bi da yajin ƙuli mai sa liman tari.

Bara na dawo hutu daga Dutse
da waya mai fashin gilashi.
Na ce, Gwaggo, zo ki ga mutanen Koriya.
Ta goge hannu a zane, ta matso da ido.
Ga ta nan a kwano, fara fat, ba suya,
tana rawa tsakanin tsinke biyu.

Ta ce, wayyo, bayin Allah,
ba su da mai ne a garin?
Wa ya kai musu awara bai kai musu yaji ba?

Na ce ai daga can wajensu ta taso.
Ta dube ni kamar na zagi dangi.
Ta ce, masara ma an ce baƙuwa ce,
je ka faɗa wa tuwon da ka ci jiya.

Hoton ya gaba.
Ga layi a ƙofar shago, ana jiran burodin Turawa,
sun tsaga cikinsa sun ɗura jan wake da sukari,
wani sun shafe shi da tafarnuwa da zuma.
Gwaggo ta yi shiru har awara ɗaya ta ƙone.
Ta ce, ka gani ko?
Su ma ba sa barin baƙo ya kwana da rigarsa.

Ranar Talata na iske ta da ƙullun fanke,
ta dafe wake, ta dama shi da mazarƙwaila,
tana cusawa a ciki, tana harara ta kar in yi magana.
Yara suka shinshina suka koma kan awara.
Ɗanjummai mai faci ne kaɗai ya saya,
ya gatsa, ya ɓata fuska, ya ce wannan wasa da abinci ne.

Ranar Alhamis ya dawo,
ya jingina kekensa, ya daɗe yana zancen taki,
sannan ya tambaya ko akwai saura.

Gwaggo ba ta ɗago ba.
Ta ce sai Asabar,
citta ce ba ta ji ba, da kanumfari kaɗan.