Ɗinkin Ƙasa

Ƙarfe biyun dare a Bilbis, kuran ya dawo.
Fanka ta yi tari sau biyu, ta kama juyi.
Na kunna ordinatar, na shiga ƙasar da na gina:
tudun nawa ne, kwarin nawa ne, har aduwar bakin hanya
ni na dasa ta da ɗan yatsa.

Ƙanena Arzika ne ya gano ɓarakar.
Jiya ya karɓi wasan don gwaji,
ya kora ɗan mutumin nan mai jar hula,
ya bi hanyar rijiya, ya zaga bayan rumbu,
sai ƙasa ta haɗiye shi, ko tauna babu.
"Yaya, duniyarka tana yoyo," in ji shi,
yana dariya har da riƙe ciki.

Na bi sawunsa. Ni ma na faɗa.
Daga ƙarƙashi na ga abin da ban so gani ba:
gidaje ba gindi, itatuwa ba saiwa,
tabki kamar faifai rataye a sarari.
Ashe garina fatar ganga ne, ciki wayam.
Ina ta zurarewa cikin shuɗi marar iyaka,
babu ƙasar da za ta karɓe ni,
babu ma wadda za ta karya ni.

Laifin kaɗan ne. Gefen wannan fegi
ya tsaya a sha biyu da ɗigo huɗu,
maƙwabcinsa ya ɗara shi da abin da bai kai ƙwayar gero ba.
Tsakaninsu tsaga, siririya kamar bakin reza.
Wata uku suna gaisawa, hannu bai taɓa hannu ba.

Akwai dabarar raggaye, na san ta, na sha yi:
ka jawo ƙaton dutse ka ɗora kan tsagar,
ka yafa ciyawa, ka ce Allah ya rufa asiri.
Har na kai linzami kan dutsen,
sai na ji tarin Inna Tsahara daga tsakar gida.

Ita duwatsun gaske ta ɗauka, a ka, can wajen Keita,
shekarun da kwazazzabo ke cin gona yana lashe baki.
Gammo ɗaya, tafiya ɗari, rana a ƙeya.
Har yau wuyanta ba ya juyawa hagu.
Ta taɓa ce mini: "Nomau, ruwa ba shi da kunya.
Inda ka ɓoye, nan yake fara tambaya.
Ba a bakin rami ake tare rami ba,
sai ka hau ka nemo inda ya fara kuka."

Na mayar da dutsen.
Na yaye ciyawa, na yaye yashi da jan laka,
ƙasa ta rage tsirara, ragar zare kawai.
Na bi tsagar zuwa sama, har gindin tudu,
inda tun fari na yi gaggawa don ana kiran cin tuwo.
Ƙulli bayan ƙulli nake kamawa,
in ɗaga wannan, in sauke wancan, in ce ku yi musabaha.
Arba'in da uku na ƙirga.
Na talatin ya kuɓuce, ya tsiro kamar ƙaho,
na koma baya, na lallashe shi.

Na adana sau biyu, don kuran ba ya sallama.

Sannan na saki mai jar hula.
Ya taka ɗinkin. Ya dawo. Ya yi tsalle a kai.
Ƙasa ta riƙe shi kamar ba ta taɓa cin amana ba.

Ladan ya fara gyaran murya.
Na fito da buta, idona na yaji.
Bayan katangarmu zaizayar bara na nan,
ta ƙara taku guda tun ruwan farko,
kuma wannan ba ta da maɓallin komawa baya.
Na buga diddige a ƙasa, a hankali,
don kada Inna ta farka.

Anjima Arzika zai tashi.
Na san shi. Zai nufi bayan kasuwa,
inda ban duba ba tukuna.