Kibiyoyin Ilu Mai Fenti

Likita ta ce ƙwaya kaɗai ba ta isa,
sai na ɗaure takalmi bayan asuba
na nufi gindin Goron Dutse.

Kibiyar farko tana jikin darbejiya,
farin fenti, hannun Ilu,
ragowar gwangwanin da ya shafe masallacin unguwa.
Na bi ta cikin duhuwa,
raɓa na ɗiga mini a ƙeya.

Ta biyu a kan dutse, ta ce hagu.
Gona ce, ba ta fi tabarma goma ba:
kuɓewa, yakuwa, masara ta fara goyo.
Tsohuwa ta ɗago daga kunya,
"A taka a hankali, akwai wake a ƙasa."

Daga nan sai hawa.
Gwiwa ta fara ƙirga mini shekaru.
Itace ya ƙare, sai sabara da tumfafiya,
ciyawa mai jan kai tana rusuna wa iska.
Ƙadangare ya gyaɗa mini kai, bai matsa ba.

A sama na rasa kibiya.
Na tsaya. Ga Kano a shimfiɗe,
Dala can, hayaƙin masu ƙosai,
rufin kwano, tsatsa kan tsatsa.
Gidanmu ma na kasa ware shi.

Na sauko ta inda ƙafa ta ga dama.
Ilu na gindin darbejiya, buroshi a hannu.
Na ce ruwa ya wanke ta saman.
Ya yi dariya har da tari:
"Ban taɓa sa ta ba.
Ni numfashina a gonar yake ƙarewa."