Koren Alama

A Sakil, ƙarƙashin gada, nake gyaran waya,
tebur ɗaya, laima ɗaya, sai hayaƙin torotoro.
Mutala ya kawo tasa, gilashi ya tsage,
ya ce, "Komai ya ɓace ban da wannan manhaja,
a nan shaidata take."

Na kunna don gwaji.
Sai ga muryar mace: "Na yarda."
Ga kwanan wata, sha ɗaya da rabi na dare,
ga zanen babban yatsa,
ga koren alama: an tabbatar.

Na san muryar. Sahadatu ce,
mai ɗinki a Mamobi, bayan babbar kwata,
wadda in tana ciniki har Nima ana jinta.
A nan kuwa muryar ta sirance
kamar zare a kafar allura.

Na sake saurara.
Kafin "na" akwai dogon numfashi.
Bayan "yarda" akwai ƙarar makulli.
Na'ura ta ƙirga kalmomi biyu,
ba ta tambayi wa ke tsaye a bakin ƙofa ba.

Kakata takan ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Yanzu yatsa ake tambaya,
shi kuwa yatsa, ko na mai barci ne, dannuwa yake.

Na sa sabon gilashi, na goge shi tas.
Sidi ɗari da hamsin.
Ya ƙirgo yana murmushi.
Na ce, "Na gode,"
sai na ji yadda baki ke faɗin abu
ba tare da ya shawarci mai shi ba.