Muryar Kibodin Kawu Nibaldo

Gidan kawu Nibaldo na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sha bakwai daga bakin titi.
Na ƙirga su ran Asabar, tabilet a hammata,
kebul biyu a aljihun rigar sanyi.

Shekara talatin kibodin nan yana bin bukukuwa,
an zubar masa da miya, an jingina masa gwiwar hannu,
madannai uku sun yi ɗorawa kamar haƙoran mashayin taba.
Bana hannun kawu na dama ya fara rawa ba kiɗa.
Likita bai ce yaushe ba. Mu ma ba mu tambaya ba.
Na dai ce masa, zauna mu ajiye wani abu.

Kebul na farko ya shige sumul,
manhaja ta ƙifta, ta ce ta ga baƙo.
Kawu ya danna, 'yan sanduna suka jeru a fuskar gilashi,
kowane yatsa da inda ya sauka,
da nauyinsa, da ɗan jinkirinsa.
Muka mayar baya mu ji.
Sai ga wani fiyano, tsaf, ya sha wanka da guga,
yana taka sawun kawu da takalmin wani.

"Wannan ba ni ba ne," in ji shi.

Ashe wayar nan saƙo take kaiwa, ba ta ɗaukar murya.
Tana cewa an taɓa nan, an saki can,
amon kuwa na zaune a gida, a cikin cikin kibodin.

Na biyun na jawo daga kafar abin saƙalawa a kunne,
na juya tabilet ina neman rami.
Babu. Maƙera sun shafe shi tun a masana'anta.
Gwaggo Fresia ta dire shayi ta koma kicin ba ta tofa ba.
Da gajiya ta ci ni, na danna jan maɓalli haka nan,
na bar makirufo ya kwashi abin da ya samu a iska.

Litinin na gangara shagon Eleuterio mai gyaran rediyo.
Ya miƙo ɗan akwati, bai fi sabulun wanki ba,
ƙofa biyu a gaba, marfi biyu na murɗawa.
"Tafinta ne. Hagu da dama su shiga nan,
shi zai juya su zuwa yaren tabilet.
Kar ki bari fitilar ta yi ja."

Na sake hawa ɗari da sha bakwai.
Muka jona. Sai ƙugi,
kamar zuma ta yi gida a tulu.
Na murɗa, na sake, na hura bakin waya,
kawu ya miƙa hannun nan mai karkarwa
ya zare caja daga bango.
Tsit.

Daga nan ta fito, muryar da na sani tun ina goye,
mai ɗan dishi-dishi, mai ƙasa da kauri,
ta kwanta a gilashi kamar tsaunuka a jere.
Ya buga sau huɗu. Na ukun ne ya yarda da shi.

Da dare na saurari duka biyun.
Na Litinin garau, ko ƙura babu.
Na Asabar kuwa, jirgin ruwa ya yi ƙaho daga tasha,
karen maƙwabta ya amsa,
robar madannai na ƙwas-ƙwas ƙarƙashin kiɗan,
kawu ya ja tsaki inda yatsa ya zame,
can nesa, tsakanin ƙarar cokula,
gwaggo Fresia tana bin waƙar da hanci.

Da safe ya ce in goge wancan mai hayaniyar.
Na ce to.
Yana nan. Na sa masa suna Asabar.