Takardar da Na Sa wa Hannu

Ɗan guntun ƙarfe ne, bai kai ƙumba ba,
ya yanki Baba Tanimu a Dilimi ran Talata
yana kwance ƙofar wata tsohuwar Fijo.
Ya tsotse jinin ya tofar,
ya ɗaure da tsumman goge baƙin mai.
Ya ce, "Hansatu, ni da ƙarfe ai mun saba."

Ran Asabar bai gane ni ba.
Da sunan mahaifiyarsa ya kira ni,
goshi kamar murhu, tafin ƙafa kamar randa.

Dakta Nanret ta ja ni bakin taga,
ruwan Agusta na dukan kwano, sai da ta ɗaga murya.
"Gubar jini ce. Ƙwayar cutar muna kanta,
amma ba ita kaɗai ke cin sa ba yanzu.
Masu gadin jikinsa ne.
Ɓarawo guda suka gani ya hauro katanga,
suka busa usur, suka tashi unguwa,
yanzu ba sa tambayar wane ne.
Huhu suke duka, ƙoda suke jifa,
har hantar da ta ciyar da su."

Na yi shiru.
Ni 'yar Jos ce, ba sai an fassara mini ba
yadda mai tsaron gida ke cinna wa gidan wuta.
Ita daga Tudun Wada, ni daga Gangare.
Muka dubi juna, ba wadda ta ƙara.

Ta ce akwai wani magani da ake gwadawa,
bai samu suna ba, lamba ce a jikin kwalba.
Shi ba ya kisa, aikinsa ban haƙuri:
ya bi jijiya lungu-lungu
yana cewa a mai da wuƙa kube.
Amma lallashi in ya yi yawa
sai masu gadi su ɓingire da barci,
ɓarawo ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe.
"Kuma ƙuri'a ce, kada in ɓoye miki.
Wasu shi za su samu, wasu ruwan gishiri,
kwalba iri ɗaya, ni ma ban san nasa ba.
Sauran magani ba za a tsayar ba.
In kin ƙi, ba wanda zai canza miki fuska."

Shafi shida.
Yayana na Fatakwal, wayarsa a kashe.
Ni da ko kuɗin cefane ba na yankewa ni kaɗai,
yau an miƙo mini biro a kan ran mutum.
Na karanta har inda idona ya iya,
na yi bisimilla,
na rubuta sunana, ya fito a karkace
kamar na 'yar aji biyu.

Sista Kachollom ta rataya kwalbar.
Fari tas. Na ƙura mata ido
ko zan ga alama, ko ɗan launi.
Ɗis.
Ɗis.
Carbina ya bi ta, ɗigo ɗaya, ƙwaya ɗaya.

Gadon da ke kusa da mu an ja masa labule daren Litinin.
Shi ma da irin kwalbarmu.
Matarsa ta bar mana fulas ɗin shayinta,
har yanzu ban san inda zan mayar ba.

Asubar Laraba Sista ta taɓa kafaɗata,
ta nuna ledar da ke rataye ƙarƙashin gado,
wadda ta kwana uku a bushe.
Fitsari, rabin kofi, ja kamar shayi.
Wallahi ban taɓa zaton zan yi kuka
in gode wa Allah a kan fitsari ba.

Maganin ne? Ruwan gishirin ne?
Ko masu gadin ne suka gaji don kansu,
suka waiwaya suka ga gidan nasu ne?
Dakta ta ce sai shekara biyu, in an buɗe ambulan,
kuma ko a lokacin lissafin jama'a za a yi,
ba na mutum ɗaya ba.

Baba dai ya buɗe ido da hantsi.
Ya daɗe yana kallona.
Ya ce, "Hansatu,
wa kika bar wa shagon?"