Hasumiyar da Ta Sauya Magana

Kakana Torquil ya ce matakala ɗari da tara ce,
kakata Effie ta ce ɗari da goma,
don ita tana ƙirga dutsen bakin ƙofa
inda take sauke kwanon abincinsa ta huta.
Har suka koma ga Mahalicci ba su daidaita ba.

Ba don haske aka gina ta ba.
Wani mai ƙasa, nan arewacin Sikotlan,
ya jera duwatsu a goshin teku,
ya bar tagogi ƙanana kamar idon marowaci,
iya faɗin bakin bindiga.
Duk jirgin da ya ɓullo, hasumiya ta ce: koma.

Amma bashi hanji ne, ba ta teku yake zuwa ba.
Jikoki suka sayar da cokulan azurfa, suka yi kudu.
Tantabaru suka gaji ɗakin sama,
gishiri yana lasar bango shekara da shekaru.

Wani dare jiragen masunta bakwai suka fita,
biyu suka dawo.
Mata sun kwana a gaɓa da tukwanen garwashi,
suna ɗagawa, iska tana kashewa.
Da asuba teku ta mayar da huluna.

Sai aka yaye rufin,
aka ɗora wa tsohuwa hular gilashi.
Man kifi aka fara ƙonawa,
har karnuka na bin rigar mai gadi.
Sai kananzir. Sai lantarki, a zamanin kakana,
wanda ya ɓoye fitilar ƙwai ƙarƙashin gado
don bai yarda da wutar da ba ta da wari ba.

Ina 'yar takwas ya ba ni tsumma:
goge, Ishbel, kada ki huci a kai.
Ta cikin gilashin na ga garinmu a kife,
coci kai ƙasa, jirage na iyo a sararin sama.

Ranar da takarda ta zo
cewa na'ura za ta riƙa kunna kanta,
ya ninke ta huɗu, ya tokare ƙafar tebur da ita.
Ya miƙa makulli.
Amma faɗuwar rana ba ta sake samunsa a zaune ba:
yana tsaye a taga, agogo a hannu,
yana jiran na'ura ta makara.
Ba ta taɓa makara ba.
Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Yanzu baƙi na biyan kuɗi su hau,
su leƙa ramin bindiga, su ɗauki hoto.
Ni ke yaga musu tikiti.
In sun tambayi yawan matakala
nakan ce ya danganta da abin da ka ɗauko.

Da dare kuwa, in ɗana Ruaridh yana teku,
daga gado nake ƙirga ƙiftawarta,
biyu, shiru, biyu,
dutsen da aka koya wa "koma"
yana ta faɗin "taho, taho."